Wai rashin nauyin ƙashi ne ke tashin tsuntsu sama?

Mai Gashin Kaji, Garwa: Salamu alaikum. Ɗana ya dawo daga makaranta wai tsuntsu na tashi ne don ƙashinsa fanko ne, ba nauyi. Ni kuwa in na fasa ƙashin cinyar kaza, ɓargo nake gani cike. Wa za a gaskata?

Hajiyar Marwa: Yaro ya fi ka gaskiya, Alhaji. Haka aka koya mana tun firamare.

Malamin Kimiyya: Hajiya, a yi mini afuwa, rabin zancen aka koya mana. Wasu ƙasusuwan fanko ne, kamar na dantsen fiffike, jakunkunan iska masu haɗe da huhu ke ratsa su. Amma ɗauki tsuntsu da ɓera masu nauyi ɗaya, ki auna ƙwarangwal ɗinsu, kusan kunnen doki za su yi. A 2010 wata mai bincike a Jami'ar Massachusetts ta Amurka ta auna, ta tarar ƙashin tsuntsu ya fi na ɓera cunkushewa. Ƙarfi da tauri ne ribarsa.

Hajiyar Marwa: To me ke ɗaga shi, Malam?

Malamin Kimiyya: Alhaji ya sani. In ka yanke tsokar ƙirji, me ke tsaye a tsakiya?

Mai Gashin Kaji: Ƙashin nan mai kaifi kamar wuƙa. Nama mafi kauri a gefensa yake.

Malamin Kimiyya: Shi ke nan. A nan tsokar da ke buga fiffike ke kamawa. Jiminar dajin Waza na Kamaru ba ta da shi, ƙirjinta shafe yake, shi ya sa sai gudu.

Direban Kusiri: Malam, ban yarda ba. Kaza na da wuƙar nan, amma katanga kawai take tsallakewa. Jimina kuma nauyi ya hana ta, tana haura kilo 100.

Malamin Kimiyya: Nauyin jiki daban, na ƙashi daban, ɗan'uwa. Dubi jemagun da ke fita daga bishiyoyi da magariba. Ƙashinsu da ɓargo, yatsun hannu ne suka yi tsawo fata ta shimfiɗu a kai, kuma suna tashi.

Direban Kusiri: Ba ka amsa batun kaza ba.

Malamin Kimiyya: Farar tsokarta saurin gajiya take yi. Ta tantabara ja ce, mai juriya.

Hajiyar Marwa: Ni dai ranar jarrabawa yaro ya rubuta abin da ke littafi.