Waɗanda suka shiga manyan majami'un Turai, me kuka gani?

Baƙon Kolon:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai ke nan ina karatu a Jamus. Duk sanda na fito daga tashar jirgin ƙasa ta Kolon, babbar majami'ar garin ce ke fara tare ni, dutsenta ya yi baƙi saboda shekaru da hayaƙi, amma sai makon jiya na shiga. An aza harsashinta a 1248, aiki ya tsaya shekaru aru-aru, sai 1880 aka kammala. Hasumiyoyinta biyu sun kai mita 157, na kuma taka matakala 533 zuwa sama. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne hasken da ke ratsa gilasan tagogi, ja da shuɗi suna kwance a kan daɓe. Wa ya shiga irinta a inda yake?

Magini daga Faransa:
Wa alaikumus salam. Zanen gine-gine nake karanta, wannan kuma salon Gotik ne. Dabarar tana cikin baka mai tsini da kuma tokaren dutse da ake kafawa ta waje. Su ke ɗauke nauyin rufi, shi ya sa aka iya rarake bango aka cika shi da gilashi. Na shiga Notre-Dame, babbar majami'ar Paris, bayan an sake buɗe ta a Disamban 2024, shekara biyar da gobarar 2019. Ina ɗaga kai sai tsohon Masallacin Juma'a na Zariya ya faɗo min, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu. Shi da laka da azara ya ɗaure bakan gizonsa, su da dutse, amma damuwar magina ɗaya ce: yadda za a rufe fili mai faɗi ba tare da rufin ya rufto ba.

Yar Andalus:
Ni a Sifaniya nake, kuma wallahi ranar da na shiga majami'ar birnin Ƙurɗuba jikina ya yi sanyi. Masallaci ne da sarkin Andalus Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen 785, ya koma majami'a a 1236. Ginshiƙai sama da 800, bakuna biyu-biyu masu ratsin ja da fari, ga mihrabi yana nan da rubutun ayoyi cikin ruwan zinariya. Kana cikin tafiya sai ka tsinci kanka a cocin da aka gina a tsakiyarsa a ƙarni na 16. Ba a salla a ciki, don haka a yi ta kafin a je.

Abban Ilham:
'Yar uwa, idan kin samu sarari ki leƙa Ishbiliya. Hasumiyar majami'arsu, Hiralda, asalinta hasumiyar kiran salla ce. Gangare ake bi a hau, ba matakala ba.

Baƙon Kolon:
Allah ya saka. Malam Magini, ƙubbar majami'ar Fulorens ta Italiya fa, ita ma Gotik ce?

Magini daga Faransa:
A'a, da ita sabon salo ya kunno kai. Brunelleschi ya gina ta da tubali daga 1420 zuwa 1436, ƙubba biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, kuma tsakaninsu ake bi a hau. Ka yanki tikiti tun da wuri, ka kuma sa tufafin da suka rufe kafaɗa da gwiwa.