Ciwon baya da ɗigar fitsari bayan haihuwa: shin gashin ƙashi zai yi magani?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan larurar da na daɗe ina jin nauyin faɗa. Haihuwata huɗu, kuma tun bayan ta ƙarshe nake fama da ciwon ƙugu, wanda yakan tsananta idan na daɗe a sunkuye wajen wanki ko shara. Abin da ya fi damuna shi ne, duk sanda na yi tari ko atishawa, ko na ɗaga jarkar ruwa, sai fitsari ya ɗan zubo mini, har nakan yi shakkar tsarkina idan na tayar da salla. Likita a nan Kano ya gwada fitsarina da sukari, ya ce lafiya lau, sannan ya tura ni sashen gashin ƙashi. Ni a sanina masu karaya da shanyewar ɓarin jiki ake kaiwa can. Shin akwai abin da za su yi mini?

Wata dattijuwa: Sannu 'yata, Allah ya ba ki lafiya. A zamaninmu cewa ake yi wankan jego ne bai ratsa jiki ba. Ki rage shan ruwa, ki riƙa kwanciya kina huta wa bayan.

Wata ma'aikaciyar gashin ƙashi: Hajiya, a yi mini afuwa, amma shawarwarin nan biyu suna iya mayar da ita baya. Rage ruwa yana sa fitsari ya yi kauri ya riƙa tsikarar mafitsara, yana kuma kawo bushewar bayan gida, shi kuwa yunƙuri a banɗaki ƙara raunana wurin yake yi. Doguwar kwanciya ma sandarar da baya take yi, tafiyar ƙasa daidai ƙarfi ta fi ta.

'Yar'uwa, likitanki bai yi kuskure ba. A ƙasan ƙugu akwai tsokoki da suke shimfiɗe daga ƙashin mara zuwa ƙarshen ƙashin baya, su ne suke tallafe mafitsara da mahaifa da dubura, kuma su suke matse hanyar fitsari idan an yi tari. Nauyin ciki da naƙuda suna saki da su. Suna aiki ne tare da tsokokin ciki da na baya, shi ya sa ake yawan samun larurorin biyu a jikin mace ɗaya, ko da yake ba kullum ɗaya ce ke haddasa ɗaya ba. Motsa waɗannan tsokoki shi ne matakin farko kafin a yi zancen tiyata. Wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, shi ya bayyana hanyar a 1948, kuma ƙa'idar da ake bi a Birtaniya ita ce matsewa aƙalla sau 8, sau 3 a rana, na tsawon wata 3 ko fiye, a ƙarƙashin kulawar ƙwararre.

Ki kwanta rigingine ki lanƙwasa gwiwa, ki matse kamar mai hana tusa fita, ki ja wurin sama, ki riƙe na 'yan daƙiƙu kina numfashi, sannan ki saki gaba ɗaya. Kada ki matse cinya ko mazaunai, kuma kada ki mayar da tsayar da fitsari ana tsaka da yin sa ya zama atisayenki. Mata da dama ƙasa suke turawa suna zaton matsewa suke yi, wasu kuma tsokar a ɗaure take, sassautawa take buƙata, don haka sai an duba ki. Asibitin Malam Aminu Kano da asibitin ƙashi na Dala duk suna da sashen.

Wata ungozoma: Ina so masu karatu su bambance. Wadda fitsari yake zubo mata dare da rana ba tsayawa bayan doguwar naƙuda, wannan yoyon fitsari ne, aiki ake yi mata a cibiyoyi irin ta Babbar Ruga a Katsina. Sannan duk wadda ciwon bayanta ya zo da rashin jin taɓi a matse-matsi ko kewayen dubura, ko ƙafafu suka yi rauni, ko fitsari ya ƙi fita, ko bayan gida ya riƙa kufce mata, ta tafi sashen gaggawa a ranar, domin alama ce ta danne jijiyoyin laka. Ki kuma yi hattara da magungunan rage zafin ciwo irin su diklofenak da ibufurofen, yawan shan su yana illa ga ciki da ƙoda.

Wata da ta yi fama da larurar: Ƙanwata, ki je. Da farko na ɗauka na'urar ɗumama baya ce maganin, na fi son ta saboda daɗinta, amma motsa jikin da nake yi a gida shi ya tsayar mini da ɗigar. Sauƙin yana zuwa a hankali, kuma da na yi sakaci sai ta fara dawowa. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne matsewa kafin tari ko ɗaga kaya, da durƙusawa maimakon sunkuyawa. Ki nemi mace ta duba ki, ba za a hana ki ba idan akwai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To yaya zan yi da salla kafin sauƙi ya samu? Kuma ina shan shayi sosai.

Wata malamar Islamiyya: Malaman fiƙihu sun yi sauƙi ga mai salisul bauli, wato mai larurar ɗigar fitsari, amma hukuncin ya danganta da yawan lokacin da yake zuba, sai ki yi wa malami bayanin naki dalla-dalla. Ki riƙa sa ƙunzugu mai tsabta, ki sauya shi idan lokacin salla ya shiga.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi: Shayi da kofi da goro suna tayar da mafitsara, sai ki rage su ki bar ruwa yadda yake. Kafin ranar zuwanki, ki rubuta na kwana 3 abin da kika sha, da lokutan da kika yi fitsari, da abin da kike yi sanda ya zubo, ki tafi da takardar.