Wannan abin wanke fuska mai caji, me za mu kira shi?

Salamu alaikum. 'Yar yayata ta dawo daga kasuwar Kejetia ta nan Kumasi jiya da wani ɗan abu a kwali, bai fi tafin hannun yaro ba, da an danna shi sai ya kama karkarwa. Wai na wanke fuska ne. Hajiyarmu ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce, "Yaya sunansa?" Yarinya ta jero kalmomin Turanci har huɗu. Hajiya ta ce, "Ke, suna na tambaye ki, ba karatu ba." Ni da na shekara da shekaru ina gyaran jikin amare a Aboabo, bakina ya mutu. Ku taya ni nema.

Ga wanda bai taɓa gani ba, iri biyu ne. Akwai mai gashi kamar buroshi, kansa na juyawa ko yana kaɗawa. Akwai na roba mai taushi, mai 'yan tsinkaye ƙanana, shi ba ya juyawa, karkarwa kawai yake yi. Mai gashin ne ya fara tashe, da Clarisonic na Amurka a 2004. Na robar kuma kamfanin Foreo na Suwidin ne ya yayata shi daga 2013. Mafi yawan na kasuwarmu kwaikwayon waɗannan biyun ne.

Amsoshi sun fara shigowa. Wata 'yar uwa daga Nima ta ce a bar shi a "buroshin fuska" a huta. Ba laifi, buroshi ya daɗe da zama ɗan gida. Sai dai na robar ba shi da gashi ko ƙwaya ɗaya, kuma wadda ta ce a miƙo mata buroshin fuska a ɗakin kwalliya, na shafa hoda za a ba ta.

Wani ƙanena ya ce "maburgin fuska". Na yi dariya har na dafe ciki. Kai yaro, fuskar mutane miyar kuka ce? Amma a gaskiya mai juyawan ya yi kama da maburgi.

Sai wani malamin makaranta daga Asawase, Allah ya ƙara masa basira, ya kawo "magogin fuska". Ya ce haka Hausa take ƙera sunan kayan aiki: tsefe ya ba mu matsefi, buɗe ya ba mu mabuɗi, goge ya ba mu magogi, har ma wasu na cewa magogin haƙori. Malam, a nahawu ba ni da ta cewa, ka fi ni. A wurin aiki ne nake jin tsoron kalmar, don na san hannun matanmu. Ka ce wa mace wannan magogi ne, to gogewa za ta yi, irin ta gindin tukunya. Ana ɗora abin nan ne a kan fata da kumfa, a zagaya da shi a hankali kamar minti ɗaya, a ɗauke. Dannawa ita ce ɓarnarsa.

Bari in tsaya nan kaɗan, don wasu suna tambaya ko ya ma cancanci kuɗinsa. Yana fitar da hoda mai nauyi da maiƙo da mataccen saman fata, wannan gaskiya ne. Amma ƙurajen fuska ba dauɗa ce ke kawo su ba. Maiƙo ne da mataccen fata suke toshe ƙofar gashi daga ciki, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, sinadaran jiki na balaga ko na al'ada su ƙara wa wutar mai. Wadda ta bi ta kan ƙurji mai ja da buroshi, fusata shi ta yi. Mu kuma masu baƙar fata, duk inda fata ta ji haushi, baƙin tabo take bari, ya yi watanni bai tafi ba. Na taɓa karɓar amarya saura kwana goma biki, ta yi sati biyu tana amfani da mai juyawan safe da dare cikin hunturu. Kumatunta sun bushe suna sheƙi, ko man kaɗanya na shafa sai ta ce zafi. Dilka ma ban yarda na sa mata a fuska ba.

Masu shafa man bilicin kuwa, don Allah ku yi nesa da shi. Tun 2016 hukumar abinci da magunguna ta Gana ta hana shigo da man shafawa mai haidurokwinon, sinadarin da ke sa fata ta yi haske, amma kowa ya san bai ƙare a kasuwa ba, ga kuma masu sitiroyid da ke sa fata ta yi siriri. Fata irin wannan ko tawul mai kaushi ba ta so.

Shi kansa Clarisonic ɗin, kamfanin kayan kwalliya na L'Oréal ya saye shi a 2011, ya rufe shi a 2020. Waɗanda suka saya da tsada suka koma neman kan canji, alhali mai gashin ana so a sauya masa kai duk wata uku, in ba haka ba ya zama matattarar dauɗa. In dai dole sai kin saya, na robar ya fi sauƙin wankewa da bushewa, sau ɗaya ko biyu a sati ya isa, kuma ba a aronsa.

Mu koma kan suna. Wata Hajiya daga Madina ta rubuto, "'Yata, ai soso ne. Duk abin da ake sa wa sabulu a wanke jiki da shi soso ne." Na ji daɗin wannan. Soso ya rufe mai gashi da na roba gaba ɗaya, kuma wanka yake kawowa a rai, ba kankare tukunya ba. Na san za ku ce ai sosonmu na raga, wanda Asante ke kira sapo, shi ma cuɗa ake yi da shi da ƙarfi. Haka ne. Amma ko a gidanmu ba wadda take kai sapo fuska yadda take kai shi bayanta.

Saura abin da za a liƙa masa. "Soson fuska na lantarki" ya cika, ya dace da rubutu, amma wa zai tsaya faɗin duk wannan a bakin shago? "Soson lantarki" kuma, wata ta ce in kakarta ta ji lantarki da ruwa a wuri guda ba za ta bari ya kwana a gidan ba. Tana da gaskiya, abin ma ba a jone yake aiki ba, caji ake masa ko a sa batir. Malam na Asawase da kansa ya dawo ya ce to a ce "soson caji", ya janye magoginsa. Na gode, Malam.

Ni dai na tsaya a nan: soson caji a baki, soson fuska mai caji a rubuce. Ɗazu na gwada shi a kan Hajiyarmu ba tare da wani bayani ba, na ce, "Hajiya, ina soson cajin nan?" Ta nuna saman firij da haɓa, ta ce in faɗa wa jikarta ta cire shi daga soket, tana so ta sa wayarta.