Tambaya: za a iya zuƙe zafin kwalta a sanyaya garin Kano?

Abba_Kurna:

Salam ƴan uwa, dan Allah masu ilimin injiniya ku taimaka min. Na ji ana cewa a wasu ƙasashen Turai suna binne bututu a cikin kwalta ruwa na zagayawa a ciki yana kwashe zafin da titi ya sha, sai su je su yi amfani da zafin wani wajen shi kuma titin ya huce. Toh ni abinda nake so na sani gaskiya ne ko irin labaran Facebook ne, in kuma gaskiya ne me zai hana a yi mana a Kano? Ku duba yadda garin nan yake komawa a watan Afrilu, zafi ya kai digiri 40, ka bi ta Ƙofar Ruwa ko titin Zoo da ƙarfe biyu na rana silifas ɗinka har laushi yake yi, kuma abin haushin ko bayan isha'i titin bai daina huci ba ga shi an ɗauke wuta. In dai ana sayar da zafi ai mu ne attajiran duniya wlh.

Injiniya_Sharada:

Wa alaikumus salam Malam Abba. Gaskiya ne, ba labarin Facebook ba ne, kuma ba sabon abu ba ne ma. A Suwizalan tun 1994 aka yi wa wata gada haka a wani gari Därligen, a Holan akwai kamfanin gine-gine Ooms da ya daɗe yana yi, a Ingila ma an gwada a wata hanya kusa da babban titin M1 a Toddington wajen 2005, sannan Faransawa suka fito da nasu mai suna Power Road a 2017.

Yadda abin yake ba wahala. Sabuwar kwalta baƙa ce wuluk, tana shanye sama da kashi 90 cikin 100 na hasken ranar da ya sauka a kanta shi ya sa samanta ke kaiwa digiri 60 har 70 a ranar da iskar gari take 40. Sai a shimfiɗa siraran bututun roba kusa da saman titin kafin a zuba kwaltar ƙarshe, famfo ya dinga tura ruwa mai sanyi ta ciki ya fito da ɗumi. Akwai ƙarin riba guda, kwalta in ta yi zafi sosai laushi take yi, shi ya sa za ka ga inda tirela da tanka ke yawan tsayawa titin ya lotsa ya yi kwari biyu daidai sawun taya. In an rage mata zafi tana ƙara daɗewa.

Amma fa ga inda gizo ke saƙar. Zafi ba ya ɓacewa, wuri kawai ake sauya masa, dole sai da wanda zai karɓa. Su can suna da mai karɓa wato hunturu. Da bazara su tura ruwan ɗumin can ƙarƙashin ƙasa su adana, in sanyi ya zo su jawo shi su ɗumama gidaje da ofisoshi, wani kuma su mayar cikin titin don kar ƙanƙara ta kwanta. Kenan asalin abinda ya sa suka kashe kuɗinsu ɗumi suke nema, hucewar titin gyara ce aka ɗora musu. Mu kuma sanyinmu na Disamba da Janairu ne, rigar sanyi da bargo da butar ruwan zafi sun gama magana, waye zai ja bututu gidansa saboda wannan? Sannan Holan ƙasarsu yashi ce mai riƙe ruwa da yawa, mu Kano kan dutse muke zaune, duk wanda ya taɓa haƙa burtsatse ya san ba a nisa ake cin karo da shi. Ajiyar zafin a nan sai ta fi tsada.

Abba_Kurna:

Na gode ranka ya daɗe. Toh amma ba za a iya juya zafin ya zama sanyi ba ko wutar lantarki? Na ga kamar an ce ana yin AC da zafi.

Injiniya_Sharada:

Ana yi. In ka taɓa ganin firjin kananzir irin wanda ake ajiye allurar rigakafi a asibitocin ƙauye a da, lagwani ne ke ci a ƙasa amma ciki sanyi ƙarara, toh manyan injinan irin wannan tsarin suna sanyaya otal da masana'antu. Matsalar suna son ruwan da ya kai digiri 80 zuwa 90, akwai masu karɓar ƙasa da haka kaɗan amma aikinsu ba ƙarfi. Shi kuma ruwan da ke fitowa daga titi ɗumi ne kawai na wanka, kuma ka lura da wani abu, in kana son titin ya huce sosai dole ka dinga gudu da ruwan da sauri sai ya fito ba zafi, in kuma ka bar shi ya daɗe don ya yi zafi toh titin bai huce ba kenan. Ba ka samun biyun lokaci guda. Maganar lantarki kuwa akwai ƴan na'urori masu ba da wuta daga bambancin zafi da sanyi amma abinda suke bayarwa bai taka kara ya karya ba. Kar ka haɗa wannan da titin sola, shi daban ne, Faransa ta shimfiɗa kilomita 1 a Normandi a ƙarshen 2016 kan kuɗi wajen yuro miliyan 5, kafin 2019 ya farfashe wutar ma ba ta kai yadda aka yi alkawari ba. Farantin sola kan rufi ya fi shi nesa ba kusa ba.

dan_famfo_kn:

hhhh oga ni ku bar ni da maganar turai. aikina kenan haɗa fayif, kuma ina gaya muku duk abinda aka binne a titin garin nan sai an tono shi. yau masu jan ruwa su fasa gobe masu wayar intanet su fasa jibi mai gida ya kira yara da diga cikin dare zai tsallaka da fayif ɗinsa, kowa ya gama ya tura ƙasa ya tafi. toh ka ce akwai bututu jere kamar taliya a cikin kwaltar, diga ɗaya ta huda shikenan, kuma yoyo a cikin titi ba ka ganinsa sai ya jiƙa ƙasan ya zama rami. sannan waye zai kunna famfon da ba wuta? sai an sa masa sola, sai an sa wa solar maigadi. ni dai ban ga ta zama ba

Maman_Ilham:

Abba ɗana tambayarka ta yi kyau amma ni a ganina muna neman abu a nesa alhali yana kusa. Ka shiga Nassarawa GRA da rana tsaka ka bi layin da darbejiya ta rufe sannan ka fito ka nufi Kantin Kwari, jikinka ma zai gaya maka bambancin ba sai an kawo ma'auni ba. Rana ɗaya ce gari ɗaya ne. Titin da inuwa ta rufe tun farko bai sha zafin ba balle a ce za a kwashe. Mu da muka taso a cikin gari akwai kududdufai ko'ina da bishiyu a ƙofar gida, yanzu an cike kududdufan an yi shaguna, duk titin da za a faɗaɗa bishiyar ake fara sarewa, kowa kuma ya mamaye tsakar gidansa da siminti da intalok ko ciyawa ɗaya babu, da daddare bango da daɓe su yi ta amayo zafi yara su kasa barci. Kuma Injiniya ga tambaya, alhazai sun ce a Saudiyya an shafa wa hanyoyin wajen masallacin Namira a Arfa farin fenti don rage zafi, shi wannan bai fi sauƙi ba?

Injiniya_Sharada:

Hajiya barka da warhaka, ya fi sauƙi ƙwarai, kuma ba su kaɗai ba, Doha ta shafa wa wani titi shuɗi a 2019, Los Anjalas da Finiks a Amurka ma suna yi. Sai dai da aka auna a Finiks zafin saman titin ya ragu da kamar digiri 6 da rana, iskar unguwar kuwa ko digiri 1 ba ta ragu ba, kuma mai tafiya a ƙasa ya ma fi jin rana saboda hasken da titin ya ƙi sha kansa yake dawowa. Ga ƙurar mu ta hunturu da baƙin mai da sawun taya, ina ga farin ba zai jima ba. Maganar bishiya kam ina bayanki.

Ni inda nake ganin bututun zai yi amfani ba babban titi ba ne. Wuri ne mai katanga da ba mai zuwa da diga, kuma mai shan ruwan zafi kullum, kamar filin ajiye motoci na babban asibiti inda ake wanki ba dare ba rana, ko harabar kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa. Ruwan ya fara ɗumi a filin kafin ya shiga tukunyar dafawa sai a rage dizal da gas. Ko ɗalibai a BUK za su iya gwadawa a ɗan fili su auna mana da ranar Kano ba ta Holan ba.

dan_famfo_kn:

wannan kam zan iya haɗawa oga, in an tashi a neme ni. amma fa a sa fayif mai kauri, na kasuwa ɗin nan mai arha zafin kwaltar ma kaɗai lokacin zubawa zai narkar da shi

Abba_Kurna:

Allah ya saka da alheri duka, na ƙaru. Hajiya ni gidan haya nake amma zan yi wa mai gidan magana ko zai bari a fasa simintin ƙofar gida a sa ko guda biyu. A ina ake samun dashen darbejiya mai ɗan girma, kuma yanzu ake sawa ko sai damina ta sauka?