Wai an biya kuɗin amma sai na fara tura kaya, gaskiya ne ko ƴan damfara ne?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu harkar saye da sayarwa a intanet ku ba ni shawara kafin in yi aika-aika. Ni dai ina ɗan tsintar tsofaffin kaya a Kasuwar Barci, irin kwabbai masu huji na zamanin Turawa da anini da tsohuwar kyamara in an dace, sai yayana da ke Ingila ya ce in riƙa ɗaukar hoto muna sawa a shafin saye da sayarwa na eBay ana gwanjonsu, akawun ɗin nashi ne amma ya ba ni dama ina shiga ina duba saƙonni don shi aiki ya masa yawa. To mun sa wata tsohuwar kyamarar Canon mai fim, kwana 7 muka ba gwanjon, tun a rana ta biyu wani ya turo saƙo wai a rufe gwanjon shi zai biya fam 300 nan take, alhali lokacin ko fam 60 ba a taya ba. Ya ce in ba shi imel, ni kuma zumuɗi ya ɗebe ni na ba shi nawa. Jiya da daddare sai ga imel da tambarin PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, wai an biya fam 450 amma an riƙe kuɗin sai na turo lambar shaidar aika kaya, kuma fam 150 da ta hau kai wai kuɗin ɗan aike ne, in sayi katin iTunes, wato katin kuɗi na kamfanin Apple, in kankare in turo musu lambar. An ce in ban yi ba cikin awa 24 za a rufe akawun. Yaya ba ya ɗaga waya yana aikin dare. In tura ko in dakata?

Malam Kwamfuta:
Wa alaikumus salam. Ƙanena kada ka tura ko tsinke. Wannan tsohuwar dabara ce, ta girmi wayar da ke hannunka.

Tambayar farko da zan maka, ka shiga akawun ɗin da kanka ka ga kuɗin? Ba ta maɓallin da ke cikin imel ɗin ba fa, ka buɗe manhajar eBay ko ka rubuta adireshin da hannunka. In an sayi kaya an biya za ka ga an rubuta a wurin kayan da aka sayar, kuma duk saƙon da eBay ta turo da gaske za ka same shi a akwatin saƙonni na cikin akawun. In yana imel kaɗai babu shi a can, to ba daga wurinsu ya fito ba. Kai ma ka duba mana, gwanjon ko ƙarewa bai yi ba, kuɗin me aka biya?

Sannan wani abu da da yawa ba su sani ba, tun wajen 2021 eBay ta daina biyan masu sayarwa ta PayPal, mai saye ya biya su su kuma su tura wa mai kaya. Ga shi ma akawun na yayanka ne, ta yaya sanarwar kuɗinsa za ta zo imel ɗinka da ba a haɗa da komai ba? Kai ka ba mutumin adireshin da hannunka shi ya sa ya zo.

Ka danna sunan wanda ya turo ka ga cikakken adireshin, a sama za ka ga PayPal ɓaro-ɓaro amma a ƙasa sai ka tarar gmail ne, ko an sa lamba 1 a madadin harafin l na ƙarshe. Ka duba gaisuwar kuma, su PayPal da sunan mutum suke kiransa, in ka ga an ce maka ya kai abokin ciniki ba suna to ka sa ayar tambaya. Amma kar ka dogara da wannan kaɗai, yanzu sun ƙware har Turancin ma sun gyara. Maganar katin iTunes kuwa ita ce asalin abin da suka zo nema, kyamarar ba ta dame su ba, da zarar ka tura lambar katin sun kwashe shi ke nan ba mai dawo maka da shi. Ka tura imel ɗin zuwa phishing@paypal.com ka goge.

Maman Ilham:
Hmm ɗana Allah ne ya so ka da ka tambaya. Mu da ke sayar da atamfa da leshi a Jiji da Facebook namu salon daban ne, alat na bogi. Ni an taɓa min, wata ta yi ta kirana Hajiya Hajiya kamar ta san ni, ta zaɓi turmi 4 ta ce ɗan'uwanta zai karɓa a tashar Kawo mota na shirin tashi zuwa Zariya, ina cikin Keke sai ga alat ya shigo da sunan bankina da komai har da ragowar kuɗi a ƙasa, ga yaro tsaye yana ta duba agogo yana cewa Mama direba zai tafi. Na miƙa masa leda. Sai da na dawo gida bayan la'asar na buɗe manhajar banki na ga kuɗina na nan yadda na bar su, ko kwabo bai ƙaru ba, na kira lambar a kashe. Abin haushin ma da na natsu na sake karanta saƙon ragowar da suka rubuta bai yi daidai da abin da nake da shi ba, gaggawa ce ta rufe min ido. Tun ranar ko uwata ce ta turo hoton rasit sai na ga kuɗi a cikin manhaja, in an ce netwok ne in ce to mu jira netwok ɗin tare.

Baban Yara Rigasa:
Kaya na fam 60 mutum ya ce zai ba ka 300, shi wane irin mai tausayi ne haka 😂 Ko a Kasuwar Barci ka taɓa ganin wanda ya taya riga sama da kuɗin da aka sa mata? Banza ba ta kai zomo kasuwa malam.

Malam Kwamfuta:
Na manta, ka danna wani abu a cikin imel ɗin? In ka danna har ka rubuta faswod to maza a canza. Kuma zai iya dawowa ta WhatsApp ya ce zai turo maka wata lamba mai guda 6 don ya tabbatar kai ne mai kayan, kar ka karanta masa, da ita ake sace WhatsApp ɗin mutum a shiga roƙon ƴan'uwansa kuɗi da sunansa. Haka OTP da BVN. Rufe gwanjo a koma gefe a yi ciniki ma ya saɓa dokar eBay, akawun ɗin yayanka za ka ja wa matsala.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai Malam, Mama Allah ya mayar miki da alheri. Na duba adireshin wallahi gmail ne, kuma cikin akawun babu komai. Na danna maɓallin amma ban rubuta komai ba, duk da haka yaya ya tashi ya canza faswod ya kuma wanke ni tas a waya. Mutumin ya sake turo saƙo ɗazu wai zai kai ni ƙara wurin ƴan sanda, na yi bulokin ɗinsa. Kyamarar yanzu an taya fam 85 saura kwana 3. Wa ya san inda ake aika kaya Ingila da sauƙi a nan cikin gari?