Neman shawara: aikin binciken lafiya, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Kiwon lafiyar al'umma na karanta, na gama bautar ƙasa ina zaune a gida nan Kano. Aikin bincike nake so, irin wanda ake tattara bayanan lafiya a yi nazari a kansu, amma duk sanarwar da na gani sai a ce dole ki iya R ko Stata (manhajojin nazarin alƙaluma a kwamfuta) kuma kin taɓa aiki, ni kuwa a irinsu SPSS kaɗai na sani shi ma sama-sama. Baba ya ce in koma in yi digiri na biyu, ni kuma tsoro nake a kashe kuɗi in dawo in ci gaba da zama. Wanne zan fara?

Ɗan Gwale: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ki sauke R yau ɗin nan, kyauta ne, Stata ce sai an biya lasisi. Sai ki yi rajista ki nemi bayanan MICS na 2021, wato binciken gida-gida kan halin yara da mata wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da UNICEF, ki ware na jihar Kano kaɗai, ki duba rigakafin yara, birni da ƙauye, ki fitar da shafi biyu. Shi za ki ajiye a gaban masu intabiyu. Kuma ki sani yawancin aikin gyaran bayanai ne, za ki ga yaro ɗan shekara 2 an rubuta masa kilo 60, ko ƙaramar hukuma ɗaya an rubuta sunanta kala uku, ga su har 44 a Kano. Wanda ya iya kamo irin wannan shi ake riƙewa.

'Yar Kabuga: Ni ta fita fili na shigo, da waya a hannu ina cike tambayoyi a Kobo da ODK, manhajojin tattara bayanai. Kina mace kina jin Hausa, gidan da aka rubuta "ba shiga" ke za ki shiga, wallahi wannan ba ƙaramin jari ba ne. Ki je sashen lafiyar al'umma na Asibitin Malam Aminu Kano ki gaishe su ki ce ko sa-kai ne kina so, ki riƙa leƙa sanarwar ACEPHAP, cibiyar binciken lafiyar al'umma ta BUK, da ta ƙungiyar eHealth Africa. Ki koyi DHIS2 ma, da shi gwamnati ke tara rahoton asibitoci.

Malam daga Gandu: 'Yata kar ki yar da maganar mahaifinki. In dai binciken jami'a kike nufi, ba inda za ki je ba digiri na biyu. Kuma tun da Amurka ta janye tallafin hukumarta ta agaji, USAID, a 2025 ayyukan ƙungiyoyi sun ja baya, yawanci kwantiragi ne na 'yan watanni. Ki koyi abin da suka faɗa kafin a buɗe fom ɗin digiri na biyu, sai ki haɗa biyun. Duk wanda ya ce ki turo kuɗi a ba ki aiki, ɗan damfara ne.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To amma kwamfutata tsohuwa ce fa, za ta ɗauki R?

Ɗan Gwale: Za ta ɗauka in sha Allah, ki dai rage abubuwan da kike buɗewa lokaci ɗaya. In kin maƙale ki ɗauko hoton allon ki turo nan.