Shataletale da tudun rage gudu a Kano: me idonku ya gani?

Maman Yara:
Assalamu alaikum. Tun da aka zuba wa layinmu kwalta a Hotoro, masu mota suka mai da shi hanyar kauce wa cunkoso. Wata Asabar mota ta kaɗe ɗan maƙwabciyata yana dawowa daga Islamiyya. Allah ya taƙaita, karaya ce a ƙafa. Kafin mako ya zagayo matasa sun haɗa kuɗin siminti sun yi tudu uku. Gudu ya ragu, amma kullum da dare sai mun ji ƙarar mota ta daki tudun. Ku ma haka abin yake a wajenku?

Ɗan Sahu:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Tun 2013 da aka hana acaɓa nake tuƙa Adaidaita. Ba na ƙin tudu, yarana ma a bakin titi suke. Matsalar, ana yin sa da tsini kamar kunyar dankali, ba fenti, ba alama. Na taɓa ɗauko mai naƙuda cikin dare, ban gan shi ba sai da muka hau. Ihun matar nan har yau yana kunnena. Ku yi shi da faɗi, ya kwanta, ku shafa masa fari.

Tsohon Direba:
Ni randabawul ne ke ci min tuwo a ƙwarya. Ina yaron mota a 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama, maigidana ya zaunar da ni ya ce: wanda ke cikin shataletale shi ke da hanya, kai mai shiga ka dubi hagunka ka jira. Yanzu kuwa wanda ya riga cusa kan motarsa shi ne mai gaskiya. Na ciki ya tsaya, na bayansa ya toshe, sai wuri ya ɗinke. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mai son zuwa hagu ya ƙi zagayawa, ya yanko ta baya don ya rage taku goma. In ma'aikaci na tsaye kowa ya san doka, yana ɗagawa an manta.

Ɗaliba:
Gaskiya ne Baba. Da aka rushe shataletalen Dangi aka yi gadar sama da ta ƙasa, cunkoson Titin Zariya ya yi sauƙi sosai. Sai dai da can dole mota ta rage gudu kafin ta zagaya, mu samu mu tsallaka. Yanzu a guje suke saukowa. Jiya sai da na riƙe hannun wata tsohuwa muka daɗe muna jira.

Maman Yara:
Na gode. Na nuna wa maigida maganar fentin, ya ce zai samu mai unguwa bayan sallar Isha'i.